Hector Gillis, Mutumin Da Ya Yi Wa Allunanmu Ƙafafu

Rai na Mai Shi ne, ranar da ya aiko a karɓa kuwa babu mai cewa a ɗan dakata. Ranar Talata, biyu ga watan Maris na wannan shekara ta 1943, da hantsi, Viola mai gidan waya ta rufe tagarta, ta sa babbar rigar sanyi, ta kama hawan tudu da takarda a hannu. Duk wanda ya zauna a Rudolf Cove ya san in Viola ta ɗauki takardar waya da kanta, to babu lafiya. Mata suka firfito bakin ƙofa suna kallon gidan da za ta shiga. Ta wuce gidan su Mosher, ta wuce nawa, ta tsaya a naka, Hector. Takardar ta ce Injiniya Hector Gillis, na rundunar sojan ruwa ta ko-ta-kwana, ya rasu a teku ranar Alhamis, ashirin da biyar ga Fabrairu, kuma ba a sami gawarsa ba. Shekararka arba'in da shida a duniya.

Ni ne Wilbert Zinck, kafintan jirage, maƙwabcinka na shekara ashirin da biyu. Na san za a yi dariya a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, in aka ga sunana a ƙarƙashin wannan rubutu, domin kaf garin nan babu wanda ya zage ka kamar ni. To a yi dariyar. Akwai maganar da na riƙe a bakina shekara goma sha shida ban faɗa maka ba, yau kuwa sai ta fita, ko da ba ka nan balle ka ji.

Ka zo garin nan a 1921 daga tsibirin Cape Breton, da akwatin kayan aiki a kafaɗa, matarka Effie na biye da kai rungume da jaririyarku Morag. Lokacin ne masu jiragen kamun kifi suka fara haukan sa inji. Ni kuwa tun ina ɗan shekara goma sha biyu nake sassaƙa jirage, kamar yadda ubana da kakana suka yi, kuma a wurina jirgin da iska ba ta isa ta kai shi gida ba, bai cancanci a kira shi jirgi ba. Wata safiya na sauko na tarar da kai kwance a ƙarƙashin jirgin da na yi wa Kyaftin Obed Mosher, kana huda masa gindi don ka zura sandar farfela. Gizagona yana hannuna, kuma Allah ne kaɗai ya kiyaye.

Na ce, "Kai! Uban wa ya ba ka izinin huda mini jirgi?"

Ka leƙo da fuska duk baƙin mai, ka ce, "Ina kwana, Kawu. Ai na ɗauka na Kyaftin Obed ne."

Na ce, "Obed shiga kawai yake yi. Ni na haife shi!"

Ka ce, "To ka yi haƙuri, Kawu, ɗan naka gurgu ne in iska ta ɗauke. Ƙafa zan sa masa."

Tun daga ranar na raɗa maka Mai Hayaƙi, kai kuma ka sa mini Kawu Gizago, sunayen nan biyu kuwa suka bi mu. Kamar da gangan, rumfar da ka samu ta zama jikin tawa, shingen katako ne kawai tsakaninmu. Kowace safiya sai na leƙa ta kan shingen na ce hayaƙinka ya ɓata mini fenti, kai kuma ka ce ƙurar zartona ta toshe maka inji. Masu gyaran raga har dakatawa suke yi da aiki su saurara. Ranar da mura ta kwantar da ni kwana uku, ka aiko Effie da romon kifi mai zafi da saƙon cewa in yi sauri in warke, ka rasa abokin faɗa, aiki ba ya yi maka daɗi. Na shanye romon, na ce ta gaya maka gishiri ya yi yawa.

Aikinka kuwa, tsakani da Allah, ban taɓa ganin irinsa ba, ko da yake ban taɓa yarda a gabanka ba. Akwai wani guntun katako da na yar a bayan shinge, ka tsince shi ka goge. Shi kake ɗora wa inji, ka kara ɗaya bakin a kunnenka, ka runtse ido, ka ɗaga hannu kowa ya yi shiru. Can sai ka ce ga inda ciwon yake, in aka buɗe kuwa nan ɗin ne. Wata bazara Obed ya gama lodi zai fita da mutum tara, ka saurari injinsa ka ce kada ya fita. Obed ya ce kifi ba ya jiran kunnen kowa. Ba ka yi musu da shi ba. Ka kwance wani ɗan ƙarfe daga injin, ka jefa a aljihu, ka haye gida ka zauna shan shayi. Obed ya biyo ka har ƙofa yana kumfar baki, ya ce zai kai ka ƙara, ya ce baƙo bai isa ya ɗaure masa jirgi ba. Ka ce masa ya shigo, akwai sauran shayi. Da aka buɗe injin washegari, sandar farfelar ta tsage fiye da rabi, saura ƙiris ta rabu biyu. Da a tsakiyar teku ta ƙarasa, da mutum goma ne ba su dawo ba.

Ba jirage kaɗai ba. Keken ɗinkin matar marigayi Lemuel, wanda da shi take ciyar da 'ya'ya biyar, sau nawa ka ɗauke shi a kafaɗa ka kai rumfa ka dawo da shi yana aiki? Murhun makaranta, famfon rijiya, ƙugiyar ƙararrawar coci, duk da cewa cocin ba naka ba ne, naka yana can mil tara kake takawa kowace Lahadi. Abin da aka miƙo maka shi ne ladanka, burodi ne, kabeji mai tsami ne, ko sannu kawai. Ban taɓa jin ka goranta wa wani ba, kuma da ka yi, da ni ne farkon ji ta kan shinge.

Yanzu na zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mu mutanen teku ne, rabin mazan da ke maƙabartarmu ba sa cikinta. Wanda ruwa ya ci aka rasa gawarsa, allo ake sassaƙa masa na farin katako da sunansa da sunan jirginsa, a kafa a fegin gidansu, kusa da ubansa. Kowace Lahadi in an tashi daga coci, mata su hau tudun maƙabartar, kowace ta tsaya wajen allonta gwargwadon abin da zuciyarta ta ba ta, sannan a gangaro a ɗora abinci. Sassaƙa allunan nan aikin gidanmu ne tun kakana. Kafin 1927 na sassaƙa talatin da ɗaya da hannuna, hannun bai taɓa ƙi na ba.

A watan Agusta na shekarar 1927 guguwa ta ci ɗana Clarence. Shekararsa ashirin da biyu, shi kaɗai ne namiji gare ni. Na fere katakon, na goge, na zana haruffan da fensir, amma da na ɗora wuƙar sassaƙa a kan harafin farko sai hannu ya ƙi. Kwana uku ina zaune gaban allon nan. Mutane suna leƙowa su yi mini gaisuwa su wuce, kowa yana jin nauyin ya ce komai. A rana ta uku da la'asar na ji an tsallako shinge. Kai ne. Ba ka yi mini gaisuwa ba, ba ka ce in yi haƙuri ba. Ka wanke hannunka tas da sabulu a bokitina, ka zo ka dafe allon da hannu biyu, ka ce, "Fara, Kawu, na riƙe." Allon yana cikin ƙarfen matse katako, ba ya bukatar riƙo, ni na sani kai ma ka sani. Amma da na ga hannun mutum a kai, sai nawa ya motsa. Haka ka tsaya har na kai harafin ƙarshe, ina kuka kana kallon bango.

Washegari ka dawo da wani abu a nannaɗe cikin buhu. Ka lura da abin da mu da muka gaji aikin muka ɗauka ƙaddara ce: gindin allo yana ruɓewa a ƙasa cikin shekara takwas ko goma, ya faɗi, wanda danginsa suka ƙare kuwa shi ke nan sunansa ya bi ciyawa. Ka ƙera ƙafa ta ƙarfe mai baki kamar cokali mai yatsu, ka tsoma ta cikin narkakkiyar tutiya, yadda ita za ta shiga ƙasa, katakon ya zauna a sama bai taɓa laima ba. Ka san abin da na ce maka, Hector? Na sani ka tuna, domin ni ban manta ba. Na juya ta a hannu na ce, "Ƙarfe a maƙabarta? Tsatsa zai yi." Ka ce, "In ya yi tsatsa ka zo ka zage ni, Kawu, ai ka san gidana."

Cikin hunturu biyu da suka biyo baya, duk ranar da ƙanƙara ta hana jirage fita, kana rumfa kana dukan ƙarfe. Ka yi wa kowane allo da ke tudun nan ƙafa, hamsin da takwas, har da na mutanen da suka mutu kafin a haife ka, har da waɗanda muka tono kwance cikin ciyawa na sake musu katako. Babu wanda ya sa ka. Shekara goma sha shida ke nan allon Clarence yana tsaye cak, na duba ƙafar a makon jiya babu ɗigon tsatsa. Ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce maka na gode ba. Kullum sai in ce gobe, in gobe ta yi kuma sai in leƙa shinge in ce hayaƙi ya yi yawa. Girman kai ne, ba shi da wani suna, kuma ina jin kunyarsa har cikin ƙashina.

Kowace shekara kana tafiya birnin Halifax mako biyu horon sojan ko-ta-kwana, ka dawo da hular nan mai baki, mu yi ta tsokanarka muna sara maka a bakin kwata. Da yaƙi ya tashi aka kira ku, wasa ya ƙare. Masu jirage sun taru sun ce za su rubuta a bar ka, garin ba shi da wani injiniya, kuma da an bar ka. Ka ƙi. Ka ce yaran da za a zuba cikin jiragen nan 'ya'yan manoma ne, wasu ba su taɓa ganin teku ba balle tukunyar tururi, dole wani babba ya sauka ƙasa tare da su. Ranar tafiyarka ka leƙo ta kan shinge da jaka a kafaɗa, guntun katakon nan nawa yana leƙowa daga bakinta. Ka ce, "Kawu, zan tafi." Na ce, "Sauka lafiya, ko ma shaƙi iska mai kyau." Ka yi dariya ka wuce. Ka zo hutu sau biyu bayan nan, duka biyun ban faɗi abin da ya fi wannan ba.

Yadda ka rasu mun ji shi ne daga wasiƙar wani Peter Wiebe, ɗaya daga cikin masu hura wutar jirginku, wanda ya rubuto wa Effie daga gadon asibiti. Ya ce kuna rakiyar jiragen kaya ne da hantsi, jirgin ƙarƙashin ruwa ya harbe ku, ruwa ya fara kwararowa ɗakin inji. Ka tura yaranka goma sha ɗaya kan tsani, kana kiran sunan kowa kana dukan bayansa. Shi ne na ƙarshe, ya ce maka ka taho, ka ce ya hau, kana zuwa. Ka koma ne ka saki tururin, domin in ruwan sanyi ya taɓa tukunyar tana cike, fashewa za ta yi a ƙarƙashin mutanen da ke iyo. Ya ce suna cikin ruwa suka ji rurin tururin yana fita, sannan jirgin ya nutse shiru, babu abin da ya fashe. Ya ce su suna kiranka Tsoho Mai Sanda, kuma sandar tana soke a ɗamararka lokacin da ya yi maka ganin ƙarshe. Da Effie ta karanta mini wurin nan sai da na nemi kujera. Ashe katakona ne ya raka ka.

Ƙasa tana daskare a watan Maris, ba a kafa allo sai ta saki. Na sassaƙa naka tun makon farko, na jingine shi a rumfa, ban kawo komai a raina ba. Sai cikin Afrilu Effie ta shigo mini da rana tsaka, ta tsaya tana kallon allon, ta shafa haruffan. Ta ce dattawan coci sun aiko mata. Sun ce allo a ƙasar uban mutum yake tsayawa, uban Hector kuwa yana Cape Breton. Ko dai a aika da shi can, ko a kafa shi a bayan shingen maƙabarta, inda muke binne gawarwakin baƙin da teku ta watso ba a san sunansu ba.

Ta ce, "Kawu Wilbert, Cape Breton tafiyar kwana biyu ce, ga gwiwar nan tawa, kuma babu wanda ya rage mana can. Morag a nan ta yi aure, a nan zan mutu. Ranar Lahadi in mata sun hau tudu, ni ina zan tsaya? A bayan shinge cikin ƙaya?" Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Shekara ashirin da biyu, ashe har yanzu baƙi ne mu."

Ranar taron dattawan na tafi da fushina. Obed ne shugaba, Obed ɗin da ka hana fita da tsagaggen inji. Ba zan zalunce shi a rubutu ba, idonsa ja wur yake, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Tudun nan dutse ne, ƙasar da ke kansa kakanninmu a kwando suka hau da ita, kowane gida ya san gurbi nawa ya rage masa, babu ko taki ɗaya marar mai shi. Wani daga baya ya ce ai baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Nan na miƙe.

Na ce, "Raɓa? To madalla. Gobe da safe kowa ya hau tudu da shebur ya tone ƙafar raɓa daga ƙarƙashin allon ubansa, mu tara hamsin da takwas ɗin mu kai wa Effie kayanta. Kai Obed, uku ne a feginku, kai za ka fara."

Obed ya daɗe yana kallon hularsa, sannan ya ce, "Wilbert, zauna. Babu wanda ya ƙi Hector a ɗakin nan, ni da nake numfashi saboda shi balle. Amma wa ya tsaya a nan wurin shekara ashirin da huɗu da suka wuce ya ce ba za a kafa allon mutumin Norway ba, mijin Hulda? Wa ya ce in aka buɗe ƙofar nan ba za ta rufu ba?"

Ni ne. Ni na faɗa, da wannan bakin, kuma Hulda ta yi shekara tara tana tsayawa a bayan shinge kafin ta rasu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na ce masa ni ne, kuma na yi kuskure. Obed ya ce, "To na ji. Nuna mini ƙasar, yanzu in sa hannu."

A fegin gidan Zinck gurbi ɗaya ya rage, tsakanin kabarin matata Adelaide da allon Clarence. Nawa ne. Shekara biyar ke nan tun da ta rasu nake cire masa ciyawa, wani lokaci in zauna a kai in ba su labarin gari. Tana gadon mutuwa ta ce mini kada in kuskura in yi nisa, na ce ina za ni. Ba zan yi ƙarya in ce abin ya zo mini da sauƙi ba. Na tsaya a tsakiyar ɗakin nan ina neman wata hanya, babu. Na ce, "Ga ƙasa. Gurbina na ba shi."

Obed ya ce, "Kai kuma a kai ka ina?"

Na ce, "Inda kuka so kai shi."

Ya ce, "Wilbert, tsufa ne ya fara taɓa ka? Gurbin gida na ɗan gida ne."

Na ce, "Wanda ya riƙe mini allon ɗana ina sassaƙawa, in shi ba ɗan gidana ba ne, to ban san wane ne ba. Rubuta, Obed, kafin in huce."

Ya rubuta. Effie da ta ji ta zo ta ce ba za ta karɓa ba, ba za ta raba ni da matata ba. Na ce mata Adelaide ta saba da saɓa alkawarina, kuma dama tun tana da rai ta fi jin daɗin hirarka a kan tawa. Ta ce, "Kawu, kai dai ba ka iya yin alheri ba sai da baƙar magana." Na ce a wurin mijinki na ga alherin, baƙar maganar kuwa gadon gidanmu ce.

Saura abu ɗaya, wanda babu wanda ya tuna da shi sai da ƙasa ta saki. Allonka ba shi da ƙafa. An birkice rumfarka kaf, babu ko ɗaya da ta rage, ka yi wa kowa ka manta da kanka. Ni da na yi shekara sittin da takwas ban taɓa dukan jan ƙarfe a maƙera ba, ranar Laraba na tsallaka shingen nan, karo na farko tun da aka kafa shi, na hura wutarka. Ina cikin fama da zugazugi ina tari sai ga Obed a bakin ƙofa, ya tuɓe kwat ya karɓa. Yini biyu tsofaffi biyu suna dukan ƙarfe ɗaya suna zagin juna. Na ƙone babban yatsa, Obed ya babbake gira. Abin da ya fito ƙafa ce, amma ta ɗan karkace hagu, tutiyar ma ta kama wani wuri ta bar wani. Da muka kai wa Effie ta juya ta, ta sake juyawa, sai ta fashe da dariya, dariyarta ta farko tun watan Maris. Ta ce, "Da yana nan, da ya ce a ba Kawu Gizago katako ya koma inda ya fi wayo." Sannan ta rungume ƙarfen ta yi kukan da ta riƙe wata biyu.

Gobe Lahadi, tara ga watan Mayu, bayan an tashi daga coci, za mu kafa allonka. Na kuma gaya wa dattawa akwai allo na biyu da zan sassaƙa kafin kaka, na mijin Hulda, su fara neman inda za su matsa masa tun yanzu, don ba zan bar su su huta ba.

Allah ya jiƙanka, Hector Gillis. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya karɓe ka da rahamarsa, ya sa ruwan da ya rufe ka ya zame maka wurin hutawa. Yadda ka tsaya a ƙasa har yaran mutane suka hau, Allah ya sa ka sami mai miƙo maka hannu a ranar da kowa ke neman tsani. Ina miƙa ta'aziyyata ga Effie, da Morag da mijinta Eldred, da jikarka da ba ka gani ba. Allah ya ba ku haƙuri, ya rufa muku asiri, ya sa ku ga alherin da ya shuka. Ina yi wa Peter Wiebe da sauran goman addu'ar samun lafiya da komawa gida. Sauran 'ya'yanmu da ke kan teku, Allah ya dawo mana da su, ya kawo ƙarshen wannan yaƙi kafin Viola ta sake hawa tudu.

Na gode, Hector. Na gode da ƙafar Clarence, na gode da hannunka a kan allon nan. Ga shi na faɗa, a makare.

Ka kula mini da su biyun, Adelaide tana hagunka, yaron yana dama. Ƙafar taka ta karkace, na sani, kuma tsatsa za ta yi, wannan karon da gaske. In ta yi ka zage ni, ba zan yi nisa ba. Jiya na je na auna: daga allonka zuwa bayan shinge taku goma sha ɗaya ne. Mun yi shekara ashirin da biyu muna magana ta kan shinge, kuma ka san muryata tana kaiwa.

Wilbert Zinck
Rudolf Cove, 8 ga Mayu, 1943